Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira Gasar Besbol Da Kwamfuta Ke Bugawa?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina neman sunan Hausa da zai dace da abin da Turawa ke kira "simulation league", musamman a fagen besbol, inda abin ya fi daɗewa ya kuma fi kafuwa. Ina riƙe da ƙungiya ɗaya a irin wannan gasa ta intanet, kuma duk wanda na yi wa bayaninta da Hausa sai ya ɗauka Fantasy Premier League nake nufi, alhali kuwa ba su haɗa hanya ba.

Galibi ana bin tsarin babbar gasar Amurka ne, wato MLB, mai ƙungiyoyi 30, inda kowace ke buga wasa 162 a kaka guda. Kowane mutum yana karɓar ƙungiya ɗaya, kuma manhajar da aka fi amfani da ita ita ce Out of the Park Baseball, wadda wani Bajamushe mai suna Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999. Babu mai riƙe sanda ko jefa ƙwallo da hannunsa. Aikin mai ƙungiya shi ne ya jera masu duka tara, ya tsara masu jifa biyar da za su riƙa karɓa-karɓa wajen buɗe wasa, ya zaɓi 'yan wasa 26 da za su zauna a babbar ƙungiya, ya yi cinikin kwantiragi da musayar 'yan wasa, sannan ya aika da umarninsa ga mutum ɗaya da ake kira "commissioner". Shi wannan mutumin yana tattara umarnin kowa, ya sa kwamfuta ta buga wasannin wasu kwanaki ko na mako guda, ya fitar da sakamako. Saboda haka sunaye uku nake nema: na gasar, da na mai ƙungiya, da na mai tattara umarnin.

Malamin Hausa:

Wa alaikumus salam. Sunan wasan kansa ba ya buƙatar wahala, a bar shi besbol, domin "ƙwallon gora" wasanni da dama da ake yi da sanda suna ja da juna a kansa, kuma mai karatu ba zai san wanne ake nufi ba. A kan gasar kuwa, abin da ya fara zo mini shi ne "gasar kwaikwayo", tunda kwamfutar tana kwaikwayon wasan gaske ne, kuma kalma ce da yaro da babba suka sani. Idan ana son ƙarin haske sai a ce "gasar kwaikwayon na'ura".

Mai fassarar labarai:

Allah gafarta Malam, ina da ja a kan wannan. Kalmar kwaikwayo ta riga ta zama mallakar 'yan wasan kwaikwayo, kuma idan na rubuta "gasar kwaikwayo" a kanun labari, mai karatu zai zaci gasar 'yan fim ce ko ta ɗaliban makaranta a kan dandamali. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, a wasan kwaikwayo marubuci ya san ƙarshen labari tun kafin a fara, don haka haɗa kalmar da gasa zai sa a ji kamar an shirya wanda zai ci tun da farko, wanda kuwa shi ne babban zargin da kowace gasa take gudu. Na auna wasu kalmomin kafin in yi magana. "Gasar lissafi" ta ɗaliban da ke fafatawa a darasin lissafi ce. "Gasar ƙiyasi" tana da ƙamshin zauren fiƙihu, kuma ta fi kusa da hasashen wanda zai yi nasara. "Gasar yanar gizo" wurin da ake yi kawai ta faɗa, ba ta faɗi abin da ake yi ba.

Tsohon mai sharhin wasanni:

Maganar Malama mai fassara ta ƙarshe ita ce ta sa na tsoma baki, domin a ganina duk sunan da aka rataya shi a kan na'ura ko intanet ya yi wa abin gajarta, tunda ya girme su a hannun jama'a. A 1951 J. Richard Seitz ya fitar da wasan APBA a Lancaster ta jihar Pennsylvania, a 1961 kuma Hal Richman ya fitar da Strat-O-Matic, dukansu da kati da ƙwayoyin jefawa irin na ludo ake yin su a kan tebur. A Strat-O-Matic kowane ɗan wasa yana da katinsa da aka gina a kan ainihin abin da ya yi a kakar da ta gabata. Ana jefa ƙwaya uku: ɗaya ta nuna ko katin mai duka za a duba ko na mai jifa, da kuma layin da za a bi, sauran biyun kuma jimillarsu ta nuna sakamakon wannan karon. Wanda ya saba samun duka uku masu kyau cikin goma a fili, haka katinsa zai ba da idan aka yi ta jefawa har kaka ta ƙare, ko da yake a wasa ɗaya yana iya fita hannu rabbana. Kwamfuta ba ta sauya wannan tushe ba, ta dai ɗauke wa mutane jefa ƙwaya da rubuta sakamako.

Ita kuwa "fantasy" daga baya ta bazu. A 1980 ne Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasar da suka raɗa wa suna Rotisserie, daga sunan wani gidan abinci a New York inda suke haɗuwa. Nan mutum yana zaɓen 'yan wasa ne ya zauna jiran abin da za su yi a filin gaske, kamar dai yadda matasanmu ke kashe fam miliyan 100 na wasa su sayi 'yan wasa 15 a Fantasy Premier League, su jira ƙarshen mako. Idan ba a buga wasan gaske ba, ba su da maki. A gasar da ɗan'uwanmu yake magana a kai, ko an rufe dukkan filayen Amurka wasa yana ci gaba. Ni da za a bi tawa, da na ce "gasar kama-da-wane".

Mai tambaya:

Alhaji ya taɓo ainihin inda bambancin yake, kuma zan ƙara a kai. Manhajar tana tsufar da 'yan wasa, tana ji musu rauni, tana ƙirƙiro sababbin matasa kowace kaka, har ma masu farautar 'yan wasa da ke cikinta suna iya yin kuskure wajen auna yaro. Gasar da ta daɗe takan kai lokacin da babu sauran ɗan wasan gaske ko ɗaya a cikinta, wasu gasannin ma tun farko da ƙirƙirarrun 'yan wasa suke somawa, wasu kuma su koma wata tsohuwar kaka su sake buga ta, tunda manhajar tana ɗauke da tarihi tun daga 1871. Dokokin kuwa na gaske ne: ɗan wasa yana ƙarƙashin ikon ƙungiyarsa har sai ya cika shekara shida a babbar gasa kafin ya sami 'yancin zuwa inda yake so, kuma galibi bayan ya cika shekara uku albashinsa yake fara hawa ta hanyar sasanci. Mai ƙungiyar da bai lura da wannan ba zai wayi gari taurarinsa sun yi tsada a lokaci guda, aljihun ƙungiya kuma babu komai.

Sai dai ina jin tsoron "kama-da-wane", domin a kunnena raini ne a cikinta. Jabun kaya ake kira haka, kuma kowa ya san cewa kama da wane ba ta wane.

Malamin Hausa:

Na janye "kwaikwayo", hujjar Malama ta fi tawa. Amma ginin da Alhaji ya kawo mai kyau ne, kalmar ƙarshe ce kawai ta ɓata shi, don haka sai a musanya ta a ce "gasar kama-da-gaske". Hausa ta saba da irin wannan haɗi, kamar "faɗi-ka-mutu" da "a-ci-balbal", kuma idan an rubuta da karan ɗori sai ya tsaya a matsayin suna guda. Ba ya ɗauke da zargin jabu, ba ya nuna cewa an san ƙarshe, bai kuma ɗaure kansa da kwamfuta ba, don haka zai ɗauki wasan kati na 1951 kamar yadda zai ɗauki na yau. Ana iya cewa "gasar besbol ta kama-da-gaske", gobe kuma idan ana maganar masu haɗuwa a kan manhajar ƙwallon ƙafa ta Football Manager a ce "gasar ƙwallon ƙafa ta kama-da-gaske".

Mai fassarar labarai:

Wani zai ce wasan da yara ke yi a PlayStation ma yana kama da gaske, har ya fi, tunda ana ganin fuskokin 'yan wasa da ciyawar fili. Amma wancan ya riga ya sami sunansa, wasan bidiyo, kuma saurin yatsu ne ke yanke hukunci a cikinsa. Wannan kuwa kamarsa da gaske a sakamako take, ba a hoto ba. Na karɓa, da sharaɗin cewa a karon farko da aka ambace shi a rubutu a bi shi da jimla guda ta bayani, har kunne ya saba.

Tsohon mai sharhin wasanni:

To sai mai ƙungiya, kuma a nan akwai tarko ga wanda ya taso da ƙwallon ƙafa. A Ingila idan aka ce manaja, mutum ɗaya ne a al'ada yake horarwa yake kuma sa baki a sayen 'yan wasa. A besbol aikin a rabe yake: akwai wanda yake zaune a gefen fili sanye da rigar ƙungiya, shi ke sauya mai jifa a tsakiyar wasa, akwai kuma na ofis wanda ke haɗa ƙungiyar, irin aikin da Billy Beane ya yi wa Oakland Athletics lokacin da ta ci wasa 20 a jere a 2002 da kuɗin da bai kai na manyan ƙungiyoyi ba. Tunda kwamfuta ce ke yanke shawarar cikin wasa bisa umarnin da aka bar mata, ɗan'uwanmu na ofis ne. Ba sai mun ƙirƙiro komai ba: "janar manaja" ta zauna a bakin mutane, kuma da aka naɗa Ahmed Musa wannan muƙami a Kano Pillars a 2025 babu wanda ya ɗauka horarwa aka ba shi. Na gefen fili kuma a bar masa "koci".

Mai fassarar labarai:

Na yarda da wannan ba tare da ƙari ba. Wanda ya fi wuya shi ne na ukun, domin "kwamishina" a wurinmu na gwamnatin jiha ne ko na 'yan sanda. Su Amurkawa da dalili suka ɗauki sunan: bayan abin kunyar sayar da wasa na 1919 ne masu ƙungiyoyi suka ɗauko wani alƙalin kotun tarayya, Kenesaw Mountain Landis, suka ɗora shi a kan babbar gasar besbol a 1920 domin a sami wanda kowa zai yarda da hukuncinsa. Da sai in ce "alƙalin gasa", amma zai rikice da alƙalin wasa mai busa usur. Idan aka duba aikinsa, shi ke riƙe da ainihin fayil ɗin gasar, yana iya ganin abin da sauran ba sa gani, shi ke hana musayar da aka yi da haɗin baki, kuma ranar da ya gaji ya ajiye, gasar takan mutu sai in wani ya karɓa. Wannan matsayin uwar adashe ne, wadda kowa ke zuba wa saboda amana. Ina ba da shawarar "uban gasa", idan mace ce kuma "uwar gasa".

Mai tambaya:

Wannan ya zauna daram. Akwai ƙaramar kalma guda da na manta, wadda kuma ita muka fi furtawa: duk lokacin da aka sa kwamfuta ta buga kwanakin da aka tsara, "sim" muke cewa, har a tambayi juna ƙarfe nawa za a yi na yau.

Malamin Hausa:

Kada a aro wannan, domin "sim" a bakin Bahaushe layin waya ne. A ce "juyi", aikatau kuma "juya": uban gasa ya juya mako guda, an yi juyi biyu a wannan satin. Gwada rubuta sanarwa da su mu ji yadda za ta faɗa a kunne.

Mai tambaya:

Ga gwaji: "Uban gasa yana sanar da dukkan janar-janar manajoji na gasar besbol ta kama-da-gaske cewa juyin daren Juma'a zai kai mu ƙarshen watan Yuli, lokacin da ake rufe musayar 'yan wasa, don haka duk mai ciniki a hannu ya kammala shi ya aiko da umarninsa kafin ƙarfe tara."

Malamin Hausa:

Ta karantu lafiya, sai dai jam'in. "Janar-janar" na hafsoshin soja ne, a nan "janar manajoji" ya wadatar, ko kuma a cikin sanarwa irin wannan a ce "masu ƙungiyoyi" kawai, tunda kowa a gasar ya san kansa.