Ɗurin bindigar Springfield ta 1861: shawarar masana ga masu kwaikwayon yaƙin basasar Amurka

Masanan sun yi ittifaƙi cewa a fara da ƙware tsarin ɗurin. Soja yakan yage ƙunshin takarda da haƙori, ya zuba albarushi kusan giram 4, ya tura harsashi samfurin Minié da sandar ƙarfe, sannan ya ɗora hular tagulla mai tayar da wuta. Gwani yana harbi uku a minti ɗaya.

Matsalar ita ce tokar albarushi tana taruwa cikin bututu har harsashi ya ƙi shiga, don haka a wanke da ruwan zafi. Wani haɗarin shi ne ɗuri kan ɗuri: bayan gumurzun da aka yi a garin Gettysburg a 1863, an tsinci dubban bindigogi a haka. A filin kwaikwayo kuwa, ba harsashi, ba a zaro sanda.