Shi likitan tiyata ne, to ɗayan fa?

Mai fassara: Jama'a, a taimaka. Gobe da safe zan miƙa fassarar wata hira ta rediyo. Likitan da aka tattauna da shi yana ware kansa daga sauran likitoci: su suna iya canza magani gobe, shi kuwa in ya yanka ya yanka. Shi na kira shi likitan tiyata. Ɗayan, wanda Turawa ke ce wa fizishiyan, mai binciken ciwo ya rubuta magani, me zan kira shi?

Malamar Hausa: Likitan magani. Kowa zai gane.

Mai kishin harshe: A gyara na farkon tukuna. Tiyata aro ce, kuma asalinta sunan ɗakin aikin ne. Muna da fiɗa. Na daɗe ina cewa a riƙa kiransa mafiɗi.

Likita mai aikin tiyata: Malam, don Allah ban da mafiɗi. Abin da ake feɗewa ba ya tashi. Na taɓa ce wa wata uwa za a yi wa ɗanta fiɗa, ta riƙe hannun yaron gam, ta kasa magana. Tun ranar na bar kalmar. Maganar wancan likitan kuwa gaskiya ce. In jijiya ta ɓalle da jini a gabanka, babu jiran gobe, kuma kuskurenka hannunka ne ya yi shi.

Wata likita: Ranka ya daɗe, kafin ka ɗauki wuƙa wa ya gano ciwon? "Likitan magani" ta rage mu, kamar rubuta ƙwaya kaɗai muka iya. Ku ma ai kuna rubutawa.

Malamar Hausa: Tsohuwar gasa ce wannan. A Ingila likitocin magani sun samu kwalejinsu a 1518, masu yanka kuwa aka haɗa su ƙungiya ɗaya da wanzamai a 1540, ba su rabu ba sai 1745. Shi ya sa har yau likitan tiyata namiji a can Mista ake ce masa, ba Dakta ba, kuma yana alfahari da hakan.

Mai kishin harshe: Tarihin Turawa ne wannan. Me ya sa kullum kalmarmu ce abin kunya?

Likita mai aikin tiyata: Ba kunya ba ce. Likita da asibiti ma aro ne, ba wanda ya kore su. Ni majinyacina nake ji.

Mai fassara: Lokaci ya ƙure. Na bar likitan tiyata yadda yake. Ɗayan zan fara da "likitan da ke gano ciwo ya yi magani ba tare da yanka ba", daga nan in taƙaita zuwa likitan magani.

Wata likita: Ba ta gamsar da ni ba, amma a je da ita.

Mai kishin harshe: Ko sau ɗaya ka sa "aikin fiɗa" a ciki, kada ta ɓace.