Tsaiko ko azara: neman sunan silikin da nama ke tsirowa a kansa

Wata ɗalibar aikin jinya a nan Damagaram ta tambaye ni yadda za ta bayyana wa mahaifiyarta da Hausa abin da littattafansu na Faransanci ke kira échafaudage, na kuwa rasa amsa nan take, shi ya sa na kawo maganar gabanku, ƴan uwa.

Abin da ake nufi wani abu ne mai ƙananan ƙofofi kamar soso, wanda ake sawa a inda fata ko guringuntsi ko ƙashi ya lalace, domin ƙwayoyin halittar jiki su kama shi su hayayyafa, daga baya jiki ya narkar da shi sannu a hankali. Ana yin wani irinsa da zaren tsutsar siliki, wadda masana ke kira Bombyx mori. Zaren nan furotin biyu ne: fibiroyin, wanda ya kai kimanin kashi 70 zuwa 75 cikin 100, da serisin, ƙaron da ke liƙe zaren. Sai an tafasa gidan tsutsar da sodiyam kabonet, sinadarin da ke cikin kanwarmu, ƙaron ya fita, sannan a narkar da fibiroyin a mai da shi soso ko leda ko raga. David Kaplan na Jami'ar Tufts a Amurka yana cikin waɗanda suka fi yin suna a wannan bincike. Wanda ya taɓa ganin ana dafa gidan tsutsar tsamiya da ruwan toka kafin a kaɗa zaren aikin babbar riga ba zai ji dabarar baƙuwa ba.

Kan zaren babu gardama, siliki za mu ce, domin alharini jan zaren fatake yake tuna wa dattawa, tsamiya kuwa ta wata tsutsa ce daban.

Gardamar tana kan échafaudage. Wani malami ya ba ni shawarar azara, kuma na so kalmar, don duk wanda ya ɗaga kai a cikin soron Birni ya ga yadda giginya ke ɗauke da ƙasa. Sai dai azara itace ne mai tauri da ake so ya shekara ɗari bai motsa ba, alhali abin da muke nema wa suna ana yin sa ne domin ya ɓace. Tsani kuma hawa ake yi, ba a gina kome a jikinsa.

Ni dai tsaiko na zaɓa. Kara ne da igiya, tsakaninsu duk sarari, ba shi ne rufin ba amma shi ke ba rufin siffa, kuma da an baibaye shi da shuci ba a sake ganinsa daga waje. Na yarda cewa tsaiko ba ya narkewa, amma kalma guda ba ta ɗaukar kowace siffa ta abu, sauran bayani ne zai cika.

Na gwada wa ɗalibar jimlar haka: likita ya sa tsaikon siliki a miki domin sabon nama ya bi shi ya rufe. Ta ce da ta maimaita wa tsohuwar, tambayarta ɗaya ce, ko za a cire shi bayan an warke.