Neman kalma: farin abin da ruwan gishiri ke fitarwa a duro lokacin zafi

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa kan yadda ake ajiye haɗaɗɗen ruwan gishiri na tankin murjani, wato akwatin gilashin nan da ake rainon murjani mai rai da kifayen teku a cikinsa. Kalma ɗaya ta gagare ni. Duk wanda ya taɓa haɗa ruwan nan ya ajiye a duro lokacin zafi ya san abin da nake nufi: wani farin gari ya taru a gindin duron, wani ya manne a jikin famfon da ke juya ruwan da hita ya yi ɓawo, sai an kankare. Wani lokaci ruwan kansa ya yi fari, ba a ganin ƙasa. Turawa suna kiran faruwar wannan precipitation. Ƙamus ya ba ni "saukar ruwan sama", wanda zancen masu hasashen yanayi ne. Me za mu ce?

Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Ni a ganina ba sai an wahala ba Yaya. A ce laka, ko kwantaccen datti. Abu ne ya kwanta a ƙasan ruwa.

Mai tankin murjani:
A'a ƙanena, wannan sunan cutar da mai karatu zai yi. In ka ce masa datti ya kwanta, murna zai yi, ya ɗauka ruwan ya tace kansa, ya ɗebi na sama ya zuba wa murjaninsa. Ai ruwan da muke haɗawa da shi daga na'urar tace ruwa ta RO/DI yake fitowa, babu ko ƙwayar laka a ciki. Farin abin nan daga cikin gishirin da ya riga ya narke ya fito. Kuma shi ne ainihin abin da murjani ke gina ƙashinsa da shi. Asara ce ka gani a gindin duro.

Malamar kimiyya:
Gaskiyar Malam ce. Sinadarin kalsiyam kabonet ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, a ciki akwai kalsiyam wajen miligiram 420 a lita da magniziyam wajen 1,300. Kalsiyam da kabonet ɗin da ke ciki sun ma fi ƙarfin abin da ruwan ya kamata ya riƙe, magniziyam ne ke hana su haɗuwa, domin yana maƙalewa a fuskar ƙwayar da ta fara ƙulluwa ya tsayar da girmanta.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, yawancin abubuwan da muka sani sun fi narkewa a ruwan zafi. Shi kalsiyam kabonet akasin haka yake, gwargwadon zafin ruwa gwargwadon raguwar abin da zai iya riƙewa. Shi ya sa ɓawon ke fara kama hita da famfo, nan ne wuraren da suka fi ɗumi. To duk kalmar da za a zaɓa, ina so ta nuna abu biyu: daga cikin ruwan abin ya fito, kuma ruwan ya ragu da shi.

Malamin Hausa:
Malama, in haka ne me zai hana "daskarewa"? Narkakken abu ya koma mai tauri, ai shi ne daskarewa a Hausa.

Malamar kimiyya:
Allah ya ƙara sani Malam, na so ta. Sai dai in Bahaushe ya ji ruwa ya daskare, ƙanƙara zai hango, kuma sanyi zai zarga. A nan zafi ne mai laifi. Sannan abin da ya daskare gaba ɗayansa ke daskarewa, in ya ji ɗumi ya narke. Wannan kuwa ɗan kaɗan ne ke ficewa, ruwan yana nan ruwa, ɗumi kuma ƙara fitar da shi yake yi.

Malamin Hausa:
Na janye. To mu bar aikin tukuna, mu fara raɗa wa abin suna. Fari ne, gari ne, in ya bushe yana shafa a yatsa. Ni "alli" nake gani.

Ɗalibi:
Amma Baba, an koya mana allin rubutu a allo yawanci ba kalsiyam kabonet ba ne, kalsiyam salfet ne.

Malamar kimiyya:
Ka riƙe karatunka da kyau. Allin makaranta na zamani da yawansa haka ne. Amma allin asali, dutsen da ake haƙowa, kalsiyam kabonet ne, daga ɓawon ƙananan halittun teku ya taru. Fararen duwatsun gaɓar Doba a Ingila irinsa ne. Saboda haka sunan bai yi ƙarya ba. Kuma ya fi "farar ƙasa" sauƙi a baki, ba ya kuma kawo kalmar ƙasa da za ta sake mayar da mu kan laka.

Mai tambaya:
Madalla, mun sami alli. Saura aikin. "Saukar alli"?

Mai tankin murjani:
Ba duka ke sauka ba. Ku zo ku ga famfon da ya yi wata guda yana juyawa a duro mai zafi: sandar cikinsa ta kama alli har ta cije, kana jin yana gurnani ba ya turo ruwa. Wannan bai sauka ko'ina ba, a nan ya tsiro. "Kwanciya" ma haka take da wannan matsalar, har ta fi muni, domin abin da ya kwanta in ka motsa yana tashi ya koma cikin ruwa. Mutane da yawa suna yin haka, su dama duron da ƙarfi, ruwa ya yi fari, su ce sun mayar. Ba su mayar da komai ba. Yawo kawai yake yi a ciki, kuma kowace ƙwaya sai ta zama irin da sabon alli zai hau kai.

Malamin Hausa:
To ga wata. Dutsen da ke fitar da wuta daga cikinsa muna ce masa mai aman wuta, ba wanda ya taɓa jin ƙyamar kalmar. Mu ce "aman alli". Ruwa ya yi aman alli. Abin a cikinsa yake, ya fi ƙarfinsa, ya fitar. Wanda ya yi amai kuwa kowa ya san ya ragu, ba sai an yi bayani ba. Kuma mutum ne ke yin amai ya lashe, ruwan duro ba ya lashe nasa.

Ɗalibi:
Baba ka gama magana!

Mai tambaya:
Ta zauna mini. Amma kada daɗin baki ya ɗebe mu, bari a gwada ta a aiki. Malam mai tanki, don Allah ka yi mana bayanin ajiyar ruwan nan a lokacin zafi yadda za ka yi wa sabon shiga, ka sa kalmar, mu ji ko za ta yi tuntuɓe.

Mai tankin murjani:
To bismillah. Tun daga haɗawa ake tare aman alli. A cika duro da tataccen ruwa mai sanyi-sanyi, a kunna famfo, sannan a riƙa barbaɗa gishiri kaɗan-kaɗan. Kada a zuba gishiri a ƙasa a kwarara masa ruwa, domin a wannan ɗan lokacin sinadaran sun yi cunkoso a ruwa kaɗan, nan take zai yi amai. Kada kuma a haɗa a ruwan da ya wuni a rana.

In ya narke ya yi garau, a kashe famfon. Nan ne mutane ke yi mini gardama, wai ruwan da ba ya motsi lalacewa yake yi. Ruwan da babu abin ruɓewa a cikinsa me zai lalata shi? Famfon da ke cikin ruwa kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa. Na wat 20 a cikin lita 100, in da zafin ba ya fita ta jikin duro, zai ɗaga ruwan da wajen digiri 4 a kwana ɗaya. A lokacin sanyi ba a jin wannan, iska tana kwashewa. A lokacin zafi kuwa ƙari ne a kan ƙari. Hita kuma babu abin da ya kawo ta cikin duron ajiya a wannan yanayi, a cire ta.

A rufe duron ruf, a ajiye shi a inuwa, a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da jikin bangon da rana ke duka. Duron ya zama roba ce irin wadda aka yi don ajiye ruwan sha, kuma mai duhu, don haske gansakuka yake kirawowa. Murfin ba don ƙura kawai ba ne. Ruwa ke tashi da tururi, gishiri ba ya tashi. Lita 100 mai ƙarfin gishiri 35, wato giram 35 a kowane kilo, in lita 5 ta ƙafe, abin da ya rage ya kusa 37. In hakan ta faru tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, ba ruwan gishiri ba. In ka buɗe murfi ka ga ɗige-ɗigen ruwa a cikinsa, girgiza su su koma, su ne ruwan da ya gudu.

Ana gobe za a canza ruwan tanki, ko da 'yan sa'o'i kafin nan, sai a sake kunna famfo a buɗe murfi ya sha iska, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. A auna gishiri da rifraktomita, wato ƙaramar na'urar auna gishirin ruwa, ana neman 35, ko 1.026 a ɗaya ma'aunin da ke jikinta. A auna alkaliniti, wato yawan kabonet da danginsa da ke cikin ruwan. In ya yi ƙasa da yadda yake ranar haɗawa, ruwan ya yi aman alli ko da ido bai gani ba.

Mai tambaya:
Ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Amma me ya sa alkaliniti za a auna, ba kalsiyam ba, tunda shi ne ya fita?

Malamar kimiyya:
Tare suke fita, amma ba a ganin tafiyarsu daidai. Duk faɗuwar alkaliniti da 2.8 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 20 kawai ke raguwa a lita. Ashirin cikin 420 kayan awon gida ma suna iya ɓatar da ita. Amma faɗuwar alkaliniti daga 8 zuwa wajen 5 babu mai ido da zai rasa gani.

Zan ƙara kan zancen Malam game da ranar canji. Yawancin masu tanki suna riƙe shi tsakanin digiri 24 da 26. In ruwan duro ya kai 34, na tanki yana 25, ka canza kashi 10 cikin 100, zafin zai tashi da ƙasa da digiri 1. Ka canza kashi 25, ya haura digiri 2 cikin 'yan mintuna. Murjani ba ya son haka. A cikin jikinsa akwai ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya da ke ba shi abinci da launi, zafi in ya matsa masa sai ya kore su ya yi fari fat. Abin da ya faru ke nan a babban shingen murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017, inda ɗan ƙarin zafin da ya daɗe makonni ya yi ɓarna mai yawa. Don haka a saukar da zafin duron kafin a zuba, ko da robobin ruwa masu ƙanƙara ne a rufe gam a jefa ciki. Fanka a saman ruwa ma tana sanyaya shi, sai dai ta hanyar tururi take yi, dole a sake auna gishiri bayanta.

Ɗalibi:
To tsawon wane lokaci ruwan zai iya zama?

Mai tankin murjani:
Ya danganta da gishirin. Na gama-gari, a rufe a duhu, yana yin makonni lafiya. Wanda aka cika wa kalsiyam da alkaliniti don murjani mai saurin girma shi ya fi saurin amai, wasu kamfanonin ma sun rubuta a jikin bokitin kada a daɗe ana juya shi. Wanda aka sa wa bitamin da makamantansu kuwa ƙwayoyin bakteriya yake ciyarwa, a zafi sai ka taɓa bangon duro ka ji santsi, wani lokaci har da wari. Irin waɗannan a haɗa daidai buƙata a yi amfani da su. Ni a lokacin zafi ma tataccen ruwa nake tarawa, gishirinsa yana bokiti a rufe, tunda ruwan da ba a haɗa ba babu allin da zai amayar.

Malamar kimiyya:
Ina da ja guda, ba a kan tanki ba. A ɗakin gwaji kalmar Turancin ta fi haka faɗi, duk daskararren abin da ya fito daga narkakke ta ƙunsa, wani ja, wani shuɗi, ba alli kawai ba. In muka ce aman alli ce fassararta, ɗaliban kimiyya za su ruɗe.

Malamin Hausa:
Ai "amai" ce uwar, Malama, "alli" 'ya ce. A tanki aman alli. A ɗakin gwajinku ki cire alli ki sa sunan abin da ya fito.

Malamar kimiyya:
Zan gwada a aji in ga ko yara za su bari in kai ƙarshen jimla ba su fashe da dariya ba. Na tanki dai na sa hannu.

Mai tambaya:
Na rubuta: aman alli ga faruwar abin, alli ga abin da ya fito. Saura tambaya ɗaya Malam. Wani lokaci abin da ke gindin duro ba fari ba ne, ruwan ƙasa-ƙasa ne. Shi ma aman alli zan ce?

Mai tankin murjani:
Kankaro kaɗan ka ɗiga masa binega. In ya yi kumfa yana tsuwa, alli ne ya ɗauki launi. In ya yi shiru, yawanci dauɗar da ta zo cikin gishirin ce tun daga masana'anta, wannan ka bar wa ƙanenmu kalmarsa, datti ne ya kwanta. Ko wanne ne, kafin haɗi na gaba a jiƙa duron da famfon da binega ko sitirik asid, a goge, a ɗauraye da tataccen ruwa.