Ɗan yayata yana tsala kuka daga la'asar har isha'i, ni kaɗai a gida, ya zan yi?

Autar Mama, Zariya

Assalamu alaikum. Don Allah iyaye mata a taimaka min, abin ya fara fin ƙarfina.

Yayata ce ta haihu, yau kwanan yaron 52. Sati biyu ke nan da dawowarta daga wankan gida, sai ga karatunta na yamma ya tashi, Litinin da Talata da Alhamis, daga ƙarfe 4 zuwa 8. Mijinta direba ne, rabin wata yana hanya. Ni aka turo daga gida in zauna da ita tunda na gama sakandare ina jiran sakamako. To ni ce auta, ban taɓa renon ko ɗan kaza ba.

Kafin ta fita takan ba shi nono ya ƙoshi, ta tatsa ta bar min a kofi mai murfi. Har ƙarfe 5 lafiya lau. Da rana ta yi sanyi sai ya fara mutsu-mutsu, ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi jajir, sannan ya saki muryar. Jiya na jijjiga, na sa a kafaɗa, na kunna masa karatu a waya, na canza famfas sau biyu alhali ba komai a ciki. Abin da ya fi ƙona min rai, yakan yi barci a hannuna, ina kai shi katifa sai ya buɗe ido tar kamar an tsikare shi. Sau huɗu muna haka. Magariba sai da isha'i na haɗa ta. Daga ƙarshe na zauna a bakin gado ni ma na yi nawa kukan.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce in ɗiga masa maganin tari kaɗan, haka take wa nata su kwana har asuba. Wata kuma ta ce ruwan ɗumi da zuma. Ban ba shi ba, don Yaya ta ce ko ruwa kada in kuskura. Amma da uwar ta shigo ta karɓe shi sai ya yi ɗif. Ni ce ba ya so, ko wani abu nake yi ba daidai ba?

Kakar Yara, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata, sannu da ɗawainiya. Na karanta har ƙarshe ban ga inda kika ce kin goya shi ba. Yaron da ya wuce arba'in kina ta fama da shi a hannu? Hannu yana gajiya, da ya gaji sai ki fara sauya shi daga nan zuwa can, shi kuwa duk sauyin nan yana ji.

Ki nemi zanin da uwarsa ta kwana da shi, wanda ba a wanke ba, da shi za ki goya. Ƙamshinta yake nema, ba ƙin ki yake ba. Ki sunkuya sosai, ki kwantar da shi a tsakiyar bayanki, ki juya fuskarsa gefe guda yadda hancinsa zai kasance a sarari. Wuyansa bai yi ƙwari ba, don haka zanin ya hau har ƙeyarsa ya tallafe kan, sannan ki ɗaura majanyi ta ƙasa. Ranar farko ki sa yayarki ta tsaya a kanki ta gyara miki, kada ki koya ke kaɗai. In kin goya kuma kada ki tsaya cak kina girgiza, ki kama aiki. Ki yi shara, ki zagaya tsakar gida, kina ɗan bubbuga ɗuwawunsa a hankali kina yi masa 'yar waƙa, ko wace iri ce, ba ruwansa da daɗin murya.

Kafin duk wannan ki tuɓe shi tsaf ki duba. Jikata ta taɓa kwana tana kuka, muka rasa dalili, ashe silin gashin uwarta ne ya naɗe mata ɗan yatsan ƙafa a cikin safa, har ya fara kumbura. Ki duba wuya da hammata da matsematsi ko ƙurajen zafi ne. Ku yaran yanzu kuna jibga wa jariri hula da safa da bargo a watan Afrilu.

Da an kusa kiran magariba ki shige ɗaki da shi, haka Annabi (SAW) ya yi umarni a tsare yara a wannan lokaci, kuma ki tofa masa addu'ar da yake wa Hasan da Husaini. Ruwan ɗumi cokali ɗaya kam mu da shi muka yi reno, ban ga ya kashe kowa ba.

Maman Biyu, ma'aikaciyar jinya, Kano

Mama ta gama magana a kan goyo, ba abin da zan ƙara. Amma Mama a gafarce ni, maganar ruwa zan saɓa miki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya ishe shi, ko a zafin Maris, domin mafi yawan nonon ruwa ne. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, ruwa ya cika shi ya hana shi shan abin da zai amfane shi, ga gudawa in ruwan ba shi da tsabta. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya cika shekara 1, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa jikin jariri ya saki har numfashi ya gagara. Maganin tari shi ne mafi muni. Wannan ba barci ba ne, buguwa ce, kuma irin magungunan nan suna iya danne numfashin jariri. Allah ya yi miki albarka da kika ƙi.

Yadda kika kwatanta, kukan yamma ne da jarirai da yawa ke yi. Yakan fara wajen sati 2, ya kai ƙololuwa wajen sati 6, ya ja baya a wata na 3 zuwa na 4. Kin ga kin karɓi reno a daidai tsakiyar ruwan.

Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai ɗan sanyi, in ana zafi kada ki bari ya kai haka. Kada ki jira sai ya ɓarke da kuka kafin ki ba shi, yaron da ke tsala ihu iska yake haɗiya. Da kin ga yana tsotsar hannu yana juya kai yana neman abu, lokacin ne. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ko da zai ɗauki minti 10. In daga firji kika ɗauko, ki tsoma kofin a ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta.

Batun farkawa in an ajiye shi, gaggawa kike yi. Wasu masu bincike a Japan sun gwada wannan a 2022, suka ga a ɗauki jariri mai kuka a yi tafiya da shi minti 5 ba tsayawa, sannan a zauna riƙe da shi minti 5 zuwa 8 kafin a kwantar, ya fi sa barcin ya ɗore. Ni ga 'yan biyuna hannu nake ɗagawa in saki, in ya faɗi yaraf to barci ya yi nauyi. Ki kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, ba filo, cikin gidan sauro.

Waɗannan kuma ba na jira ba ne, asibiti kai tsaye ko da dare ne: zafin jiki da ya kai digiri 38 ga yaron da bai cika wata 3 ba, ƙin shan nono, amai kore, ciki ya kumbura ya yi tauri, jini a kashi, maɗiga ta faɗa ko ta taso, numfashi da ƙyar, ko jiki ya saki ya ƙi farkawa. Ku sayi ma'aunin zafi a kemis, bayan hannu yana yaudara.

Sai na ƙarshe. Ranar da kika ji ranki ya ɓaci har kina jin kamar ki girgiza shi da ƙarfi, ki kwantar da shi a inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida ki sha ruwa, ki kira wani a waya. Kukan minti 5 ba zai yi masa komai ba, girgiza mai ƙarfi kuwa tana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa.

Baban Ummi, Kaduna

Mata a yi haƙuri na shigo zaurenku. Ni 'yata ta fari ba abin da ke kashe bakinta sai ƙarar janareton maƙwabcinmu. Ranar da aka kawo wuta ya kashe, ranar ba mu runtsa ba. Daga baya na gane fanka ma tana yi, ko rediyo in an karkatar da ita tsakanin tasha da tasha tana shuuu. Ƙanwata ki gwada, amma kada ki kai abin kusa da kunnensa, kuma iskar fankar kada ta doke shi kai tsaye.

Autar Mama, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Laraba Yaya ta koya min goyon, sau uku yana zamewa gefe tana dariya, wai na ɗaure shi kamar buhun masara. Jiya Alhamis na ba shi nonon tun 5 da kwata kafin ya fara, na cire hular da safar, na goya da zaninta na atamfa. Ya yi kukan fa, ba wai bai yi ba, amma bai kai rabin awa ba. Na share tsakar gida sau biyu, wurin da ba ko tsinke. Da ya yi shiru na sauke shi na zauna da shi a ƙirji ina kallon agogon waya har minti 8, na ɗaga hannun ya faɗi. Na yi magariba a kan lokaci. Wajen 7 da rabi ya farka, sai dai lokacin uwarsa ta kusa.

Mama, waƙar tawa dai ba ta karɓu ba, da na fara sai ya ƙara murya, na koma salati. Maƙwabciyar nan ta sake leƙowa da kwalbarta a hannu, na ce mata ya yi barci.