Ƙagaggen harshe ko ƙirƙirarre? Neman suna daga Gusau

Assalamu alaikum malamai da ɗaliban Hausa. Akwai abin da Turawa ke kira conlang, wato harshen da mutum zai zauna ya gina da hannunsa, ya zaɓar masa baƙaƙe da wasula, ya tsara masa gaɓa da nahawu. Ina son mu yanke masa suna, don a ajinmu kowa da yadda yake kiransa.

Wani ya ce zaurance. Allah ya ƙara basira, amma ban yarda ba. Zaurance Hausa ce aka yi wa lulluɓi, a juya gaɓoɓi gida ta koma dagi, ko a cusa wata gaɓa tsakani. Da an yaye lulluɓin Hausa za a tarar. Wannan kuwa daga tushe ake gina shi.

Da yawanku kun zaɓi ƙirƙirarren harshe. Ya dace da irin Esperanto, wanda likitan ido Zamenhof ya fitar a Warso a 1887 don al'ummu su riƙa fahimtar juna. Mutane na gaske ke magana da shi har yau.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina dabam ne. Tolkien, malamin harshe a Oksfod wanda ya rasu a 1973, bai tsaya ga harshe ɗaya ba. Sai da ya fara gina harshe guda a matsayin kaka, sannan ya bar 'ya'yan suka rabu, kowane ya bi tasa dokar sauyin sauti. Biyu daga cikin 'ya'yan su ne Kwenya da Sindarin: sautin kw na kakan ya zauna daram a Kwenya, a Sindarin kuwa ya koma p. Shi ya sa "kalma" take quetta a ɗaya, peth a ɗayan. Ba da ka ya yi ba: haka ta faru a harshen Wales, inda huɗu take pedwar, alhali a Latin quattuor ce.

Mu nan ai ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Shiga kasuwar Gusau ka ji tsoho ya ce zamna, sabka, abduga, sabro. Bakano zai ce zauna, sauka, auduga, sauro. Baƙin da ke rufe gaɓa ne ya narke ya zama u a gabas, mu muka riƙe tsohon. Bajamushe Klingenheben ya bayyana wannan doka tun shekarun 1920. Irin wannan tarihin ne mai ginin harshe ke tsarawa, sai dai mutanensa da ƙasarsu da ƙaurarsu duk a cikin kansa suke.

Don haka nake cewa ƙagaggen harshe. Mun riga mun saba da ƙagaggen labari a adabi, kuma wannan ɗan'uwansa ne na jini. Dangin gaba ɗaya, ƙagaggen dangin harsuna. Tushensu, kakan harshe.

Malama daga Zuru, na ga damuwarki cewa ƙage na nufin sharri, kamar a ce an yi wa mutum ƙage. Gaskiyarki, ranki ya daɗe. Amma ba wanda ya taɓa jin ƙagaggen labari ya zaci ƙazafi ne, kunne ya riga ya raba su.

Saura tsarin sauti, wannan mu bar shi yadda littattafanmu suka ajiye shi. Kakan harshe ne kawai nake jiran hukuncinku a kai, don wani malaminmu ya fi son uwar harsuna.