Taƙaitaccen bayani kan kiwon kifin moli a gida

Shawarwarin da masu kiwon kifin ado suka bayar game da moli sun fi karkata ga ruwa, domin a nan ne sababbin masu kiwo suke yin asara. Asalin wannan kifi daga kudancin ƙasar Amurka ne da Meziko da Amurka ta Tsakiya, saboda haka yana son ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyas, kuma mai ɗauke da ma'adinai. Akwatin gilashin da bai kai lita 75 ba ya yi masa kaɗan. Ana canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kuma ba a zuba ruwan famfo sai an kawar da sinadarin kulorin da ke cikinsa.

An yi saɓani a kan zuba gishiri a cikin ruwan. Wasu sun ce dole ne, amma ra'ayin da ya fi ƙarfi, kuma ni ma shi na fi gamsuwa da shi, shi ne moli yana rayuwa lafiya ba tare da gishiri ba matuƙar ruwan yana da tsabta.

Moli ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi, kuma manyan sukan cinye 'ya'yan idan babu ciyayin ɓuya. An ba da shawarar a haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, don kada ya matsa wa guda da bi. Abinci kuwa kaɗan ya isa, sau biyu a rana, tare da ɗan dafaffen alayyafo.